Kofunan da Na Kai Mahuta

Shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo a mako guda, watana takwas da aure, kuma har lokacin uwar mijina ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba. In na je gaisuwa ta ce, "Kun zo lahiya?" In za mu tafi ta ce, "A gaida mutanen Funtua." Shi ke nan hirarmu, an buɗe an rufe.

A Funtua muke zaune, a gidan haya kusa da inda motocin auduga ke jeruwa. Ni malamar firamare ce, shi makanike, kuma shi ne ɗan fari a gidansu da ke Mahuta. Ƙannensa biyu manoma ne, sun riga shi aure, matansu suna can cikin gida tare da Inna, kamar yadda kowa ke kiran uwar tasu. Sai in tarar da su ukun a tabarma ɗaya, tana tsokanarsu, ta ce wannan miyarta ta yi gishiri, waccan ɗaurin ɗankwalinta kamar na mai tallan fura. Da na yi sallama sai ta gyara lulluɓi ta koma kallon bango.

Na san ana jin kunyar ɗan fari, wa bai sani ba. Shi kansa mijin nawa ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, in ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "mai baburin nan". Amma shi ɗanta ne, ya san matsayinsa. Ni ban san nawa ba. Ga shi kuma an tsegunta mini cewa ranar da aka gaya mata ɗanta zai auri 'yar boko, abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya sa tana da kunya." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, matar nan ta karɓe ni, ko da gishirin miyata za ta kushe.

Saboda haka na sa wa raina sai na kai tsarabar Sallah da ba a taɓa kai irinta Mahuta ba. Goro da sabulu da turare kowa na kaiwa. Ni kuwa a shekarun nan ina da rawar kai, ba na son abin da kowa ke yi.

A gidan hayar namu akwai wasu Yarabawa Kirista. Uban yana yanka gilashin taga yana sa wa hotuna firam, 'yarsa kuwa tela ce, sa'ata, a Funtua aka haife ta, kuma in ana gasar karin magana ita ke kayar da ni. Mun shaƙu ƙwarai. Wata rana na dawo daga makaranta da azahar na same ta zaune a tsakar gida, ta jera kofunan gilashi a gabanta, kowanne an naɗe shi da farar filasta kamar waɗanda aka sallamo daga asibiti.

Na ce, "Su kuma waɗannan hatsarin mota suka yi?"

Ta ce, "Zauna ki ga ikon Allah, malama."

Ta ɗauki ɗaya, ta rubuta suna da biro a kan filastar, ta bi rubutun da bakin reza a hankali tana ɓanɓare haruffan, har gilashin ya leƙo ta cikin kowane harafi. Sai ta jawo wani ƙaramin gwangwani, na kalle shi na sake kallo. Na mijina ne. Wani baƙin mai ne mai yashi-yashi da makanikai ke goge bawul ɗin inji da shi. Ta dangwalo da ɗan kara da ta naɗe wa tsumma, ta dinga murzawa a kan haruffan, tana murzawa tana waƙar cocinsu. Da ta gaji ta yaye filastar, ta ɗauraye kofin a bokiti, ta ɗaga shi saitin rana.

Ga suna nan ɓaro-ɓaro a jikin gilashi, fari-fari kamar an rubuta da garin rogo. Na sa yatsa na goge, bai gogu ba. Na sa yawu, bai gogu ba. Na karce da farce. Ta ce kyautar Kirsimeti ce take yi wa matan cocinsu, kowace da sunanta.

Na miƙe tsaye na yi juyi biyu a tsakar gidan nan ina tafi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ko abinci ban ci ba na ja mayafi na nufi kasuwa, na dawo da dozin ɗin kofuna a kwali a kaina, ina tafe ina murmushi ni kaɗai, har wata tsohuwa mai ƙosai ta tambaye ni ko lafiya.

Aikin da ido yake da sauƙi. Na farko na matse shi da ƙarfi tsakanin gwiwoyina ya tsage. Na biyu ya suɓuce da ruwan sabulu ya yi tsalle a siminti. Na uku ban ma san yadda aka yi ba, dariya kawai muke yi gwiwar hannuna ta ture shi. Ƙawata ta tattara fasassun ta ce za ta kai wa babanta ya yi wa ɓeraye taga. Saura tara. Muka ƙirga mutanen gidan Mahuta da yatsu: Baba, Inna, mijina, ƙannensa biyu, matansu biyu, autarsu budurwa, da Gwaggo ƙanwar Baba da ke zaune a gidan. Tara cif. Na ce to Allah ne ya shirya, ni ba sai da kofi ba.

Kwana uku muka yi, kullum daga azahar zuwa la'asar. Yatsuna suka yi ja, ƙarƙashin farcena ya yi baƙi, yaran ajina suna tambayata ko na koma gareji. Ni kuwa in na yaye filasta na ga suna ya fito sai in yi shewa. Na yi wa na matan nan biyu ɗan fure a ƙasa, na autar kuwa na yi mata tauraro, don ita ce abokiyar wasana a gidan, kullum muna tsokanar juna.

Shida suka kammalu. Saura ukun nan, na Baba da na Inna da na mijina.

Na ce wa ƙawata, "Waɗannan 'Baba' da 'Inna' kawai zan rubuta."

Ta ajiye rezarta. "Baba nawa ne a Mahuta? Kowane gida da nasa Baban. In aka ari kofin nan ranar suna, gidan wane Baba za a mayar? Mu in mun yi kyauta cikakken suna muke sawa, shi ne girmamawa."

"Ke ma kin san ba na iya kiran sunan surukaina."

"Wa ya ce ki kira? Ai ba bakinki ne zai faɗa ba, reza ce."

Na juya maganar a raina. Sai na ji ta shige ni sumul, kamar wani babban malami ne ya ba da fatawa. Zani ce ta tarar da mu je. Na shiga ɗaki na binciko takardar harajin mijina, ga sunan Baba a jiki. Sunan Inna kuwa na same shi a katin asibitin da ta manta a gidanmu lokacin da aka kawo ta ganin likitan ido. Na kwafe su baki a rufe gam, don kada ko harafi ɗaya ya kuɓuce.

Na mijina ne ya fi ba ni wahala. Wata takwas ina zaune da mutumin nan ban taɓa kiran sunansa ba, "ka ji ko" nake ce masa, har maƙwabta suka fara kiransa Malam Ka-ji-ko a bayan idonsa. Da na ɗora biro a kan filasta sai dariya ta ƙwace mini. Ƙawata kuwa, marar mutunci, ta dinga kiran sunan da ƙarfi tana ja, tana rangaɗa shi kamar mai talla, ni ina jifanta da tsumma. Muna cikin haka muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Muka kifa wa kofunan babban baho, ta haye kai ta zauna ta harɗe ƙafa.

Ya shigo yana girgiza gwangwaninsa a kunne. Ya ce, "Abin mamaki, ɓerayen gidan nan sun fara cin man bawul."

Ƙawata ta ce, "Allah sarki, ƙila injinsu ne ke ba su matsala."

Ya dube ta a kan baho, ya dubi yatsuna, ya girgiza kai ya wuce ɗaki. Mu kuwa muka yi ta dariya ba sauti har cikina ya ƙulle.

Da na gama nasa na ɗaga shi a rana, sai na ji wani daɗi da ban zata ba. Sunan ya yi kyau. Na daɗe ina kallonsa.

Ran jajiberen Sallah muka kama hanyar Dandume a babur, kwalin yana kan cinyata, kowane kofi na naɗe shi da tsofaffin takardun jarrabawar yaran ajina. Duk ramin da ya faɗa sai in ji ƙas-ƙas a cikin kwali, sai in doki kafaɗarsa in ce, "Ka ji ko, a hankali." Ya tambaye ni sau uku me ke ciki, na ce in ya yi haƙuri zai gani. A raina kuwa har na gama tsara komai: Inna za ta ɗaga kofi, ta dube ni, ta ce 'yar nan akwai hikima.

Washegari bayan an sauko daga Idi an yanka rago, maza suka koma zaure, mata muka baje a tsakar gida, ga hayaƙi ga ƙamshin suya. Inna tana kan tabarmarta da surukanta biyu suna gyaran kayan ciki. Gwaggo tana kan kujera 'yar tsugunno, ba ta aikin komai sai ba da umarni. Na jira har aka ɗan natsu, sannan na ɗauko kwalina na durƙusa na fara warwarewa.

Gida ya ɗauki shewa. Na miƙa wa matan nan biyu nasu, na kira sunan kowace ina nuna mata da yatsa. Ɗaya ta rungume nata a ƙirji, ɗayar ta ce ita ba za ta sha ruwa da shi ba, a saman jere zai zauna. Gwaggo ta karɓi nata ta juya ta juya, ta tofa yawu ta goge da gefen zane, ta ce, "Kai, bai gogewa. Boko dai sihiri ne." Autar ta yi rawa da nata. Ni kuwa bakina har kunne, kaina ya yi girma.

Sai na jera ukun da suka rage a gaban Inna, na sunkuyar da kai na ce, "Wannan na Baba, wannan naki, wannan kuma na... ɗayan."

Da na tsaya a nan da na tsira. Abin da ban yi tunani ba ko sau ɗaya a kwana ukun nan shi ne, duk abin da aka rubuta sai an nemi mai karantawa. Autar ta yi firamare har aji huɗu, kuma ba ta taɓa samun inda za ta nuna karatunta ba sai ranar. Ta zabura ta ɗauki kofi ɗaya.

"Wannan ai ya fi 'Baba' tsawo," in ji ta. Ta kanne ido ɗaya ta fara haɗa baƙi da wasali, gaɓa-gaɓa, da ƙarfi, yadda ake yi a aji. Na ɗaga hannu zan tsayar da ita, amma ina. Sai da ta kai ƙarshe ta ji abin da bakinta ya faɗa, sunan ubanta na yanka, a tsakar gidansa, ranar Sallah. Ta toshe baki da tafin hannu.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar mai a kasko.

Gwaggo ta ajiye nata kofin a hankali. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, da hannunki kika rubuta sunan surukinki? To sauran biyun fa, su ma na yanka ne?"

Na ce, "Reza ce, Gwaggo." Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. A Funtua maganar ta yi kama da fatawa, a Mahuta kuwa ko ni da na faɗa na ji wautarta.

"Reza," in ji Gwaggo. "To madalla da rezar da ba ta da kunya."

Inna ta ajiye aikin da take yi. Ta wanke hannu a ƙwarya, ta goge a zaninta, ta kwashi kofunan nan uku ta shige ɗakinta ta saki labule. Na zauna a inda nake, da ƙasa za ta tsage da na shige. Garin neman gira na rasa ido. Addu'a ɗaya matar nan ta yi a kaina, Allah ya sa ina da kunya, ga shi na ɗauko amsa a kwali tun daga Funtua na kawo mata har gida. Tsoro ya kama ni sosai, don na san irin wannan ba a mantawa, jikokina ma sai an ba su labari.

Can sai muka ji muryarta daga cikin ɗaki. "Ke."

Matan nan biyu suka dubi juna. Ta sake cewa, "Ta Funtua."

Na ɗaga labule na shiga. Tana zaune a bakin gado, kofunan suna jere a gefenta, hasken taga yana bi ta cikinsu. Na durƙusa nesa. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Wanne ne na mai baburin?"

Na matsa na nuna. Ta ɗauka da hannu biyu. Ta ɗora babban yatsanta a gefen dama, yadda ake fara karatun allo, na ce, "Ta nan ake farawa, Inna," na nuna mata hagu. Ta mayar da yatsan can, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta dawo ta sake bi.

"Haka yake ashe," in ji ta. "Sunan mahaifina ne aka sa mashi. Ina goye da shi tsohon ya rasu. Tun da nike, bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba, ko don wancan ko don wannan. Sai dai in ji shi a bakin mutane yana wucewa. Ban san ana iya taɓa shi ba."

Hawaye suka zubo mini. Shekara talatin matar nan tana son ɗanta tana kallon bango, ni kuwa wata takwas kacal na yi har na fara ƙorafi. Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina ma ta kama ni.

Ta miƙe ta buɗe babbar kwallar da ke saman jerenta, inda take ajiye abin da ba ta so a taɓa, ta sa kofin a ciki ta rufe. Ta ɗauki na biyu. "Wannan shi ne nawa?" Na ce eh. Ta miƙo mini. "Ki kai ma mai baburin ya riƙa shan ruwa. Kada ki ce ni na ce." Na Baba kuwa ta ce a kai masa zaure, shi ya san yadda zai yi da abinsa. Daga baya na ji cewa duk baƙon da ya zo yawon Sallah sai da ya sha ruwa a kofin nan, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji.

Muka fito tare, ita a gaba. Gwaggo ta gyara zama za ta ɗora daga inda ta tsaya, Inna ta riga ta.

"Ni dai ban ji ta kira sunan kowa ba," in ji ta, tana komawa kan tabarma. "Wadda ta kira ga ta nan, ni na haife ta." Ta nuna autar da haɓa. Dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya, autar ta ruga bayan rumbu da kofinta, Gwaggo ma sai da kafaɗunta suka girgiza, ta ɗauki nata ta cusa a cikin zani kada wani ya yi mata wayo.

Ina tsaye riƙe da kofi ban san inda zan sa kaina ba, sai Inna ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko.

"Kowa ya samu. Naki fa?"

"Babu, Inna. Dozin na saya, uku suka fashe."

"Uku," in ji ta, ta juya wajen surukanta. "Kun ji ko? Ashe 'yar bokon tamu ba ta iya riƙon kaya ba." Ta sake dubana. "In kin koma ki yi naki ki aiko. Akwai sauran wuri cikin kwallar, kusa da wancan."

Sannan ta matsa gefe a tabarmar, ta turo mini kwanon hanta da wuƙa. "Zauna ki yanka. Kwanon ba na fashewa ba ne, amma dai ki riƙe da kyau, ban yarda da hannun nan naki ba."

Na zauna. Na yanka hantar nan ina dariya ina share ido da gefen ɗankwali, yankan duk ya fito a karkace, wani ƙato wani ɗan mitsitsi, ita kuwa ba ta bar ko ɗaya ya wuce ba sai da ta kushe shi.